Kingdom of Heaven: wasan ya yi, tarihin fa?

Abban Hanifa:
Salamu alaikum jama'ar gida. Yau ina so mu baje Kingdom of Heaven a faifai, wato fim ɗin da Ridley Scott ya fitar a 2005 a kan yadda Salahuddin Ayyubi ya karɓe Ƙudus daga hannun 'yan Salibiyya. Matsayina a fili yake: a duk fina-finan da Turawa suka yi a kan wannan yaƙi babu wanda ya yi wa Musulmi adalci kamarsa, kuma har gobe babu wanda ya taka Salahuddin kamar Ghassan Massoud. Mutumin nan idan ka haɗa duk fitowarsa a fim ɗin ba ta taka kara ta karya ba, amma shi ake tunawa. Ku dubi wurin da Balian, jarumin fim ɗin mai kare garin, ya tambaye shi darajar Ƙudus bayan an gama sulhu. Ya ba shi amsa da kalma ɗaya, "Nothing", wato ba komai, ya juya ya kama tafiya, ya yi taku kaɗan, sai ya waiwayo ya dunƙule hannuwa biyu ya faɗi kishiyar kalmar farko, "Everything", wato komai, yana murmushi. Wannan kaɗai ya ishe ni. Wanda ke da ja ya fito.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai sarkin Ƙudus mai rufaffiyar fuskar nan, Baldwin na Huɗu, nake tausayi. Sai daga baya na ji ashe Edward Norton ne a ciki.

Malam Tukur Zariya:
Abban Hanifa, a kan wasan Massoud ba ni da ja. Ɗan wasan daɓe ne tun asali, ya koyar a babbar makarantar wasan kwaikwayo ta Dimashƙa, kuma ana ganin haka a yadda yake tsayuwa da yadda yake barin shiru ya yi masa aiki. Shi ne kuma ya fito a Sayyidina Abubakar a shirin Umar na 2012. Inda zan ja da kai shi ne kalmar adalci, domin adalci a fim ɗin tarihi ba ya nufin a yabi namu kawai.

Fara da jarumin fim ɗin. An nuna mana Balian maƙeri ne a wani ƙauyen Faransa, ɗan da aka haifa ba aure, wanda ubansa ya zo ya ɗauke shi. Babu ko ɗaya daga cikin wannan. Balian na Ibelin a ƙasar Sham ɗin aka haife shi, ɗan gidan sarauta ne, kuma matarsa Maria Komnene 'yar gidan sarautar Rumawa ce, matar marigayi Sarki Amalric na Ƙudus. A 1187 ya ba shekara 40 baya. Soyayyarsa da Sibylla, 'yar'uwar sarki mai rufaffiyar fuskar, ma ƙirƙira ce. Sibylla ta gaskiya mijinta Guy take so, so na haƙiƙa. A 1186 manyan masarauta sun ce za su naɗa ta in ta rabu da shi, ta yarda bisa sharaɗin ita za ta zaɓi sabon miji. Da aka ɗora mata kambi sai ta juya ta zaɓi Guy ɗin dai. Ku gaya mini, wane marubuci ne zai samu irin wannan a hannu ya yar?

Abban Hanifa:
Malam, ai fim ne ba darasin aji ba. Dole a samu mutumin da mai kallo zai bi, wanda shi ma baƙo ne a wurin, ana yi masa bayani muna ji.

Malam Tukur Zariya:
Na san dabarar, kuma ban ce haramun ba ce. Abin da ke ba ni takaici shi ne abin da ya faru da gaske ya fi wanda aka ƙaga daɗi. Balian yana cikin yaƙin Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187, ya tsira da ƙyar. Sai ya aika wa Salahuddin yana neman izinin shiga Ƙudus ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Salahuddin ya yarda, da sharaɗin kwana ɗaya zai yi kuma ba zai ɗauki makami ba. Ya rantse. Da ya shiga sai ya tarar gari cike da 'yan gudun hijira, babu barade, mutane suka riƙe shi suna roƙon ya tsaya ya jagorance su. Babban limamin cocin Ƙudus, Heraclius, ya ce ya warware masa rantsuwar. Balian bai tsaya nan ba, ya aika wa Salahuddin yana bayanin halin da ya shiga. Salahuddin bai riƙe shi da laifi ba, har ma ya sa aka raka matar da yaran suka fita lafiya, alhali ya san da mijinta zai gwabza. Wannan ita ce karamcin da kake nema, Abban Hanifa, kuma tana rubuce, amma ba ta cikin fim ɗin. An cire ta ne saboda an riga an mai da mutumin maƙeri mara iyali.

Sadiya Kwantiniti:
Bari in shigo ta ɓangaren aiki, tunda a lokeshan nake cin abinci. Malam, da yawa daga cikin masu zagin fim ɗin gajeren suka kalla, wanda aka kai sinima, mai minti 144. Kamfanin da ya zuba kuɗi ne ya sa aka datse shi. Cikakken na darakta ya haura awa 3, kuma kusan wani fim ne daban. A gajeren, Eva Green, wadda ta fito a Sibylla, tana sauyawa daga mace mai rawar kai zuwa wadda ta yanke gashinta ta zauna zugum, ba ka san dalili ba, sai ka ce ba ta iya wasa ba ne. A dogon ne za ka ga tana da ɗa, yaron ya gaji sarauta, ta lura ba ya jin zafi a hannunsa, ta gane kuturtar kawunsa, sarki mai rufaffiyar fuskar, ta kama shi, ta kashe shi da guba don kada ya sha wahalar da ɗan'uwanta ya sha. Duk nauyin wasanta a nan yake, edita ya sa almakashi ya cire. Shi ya sa kullum nake cewa kafin ka zagi jarumi ka tambaya me aka bari a ɗakin tacewa.

Malam Tukur Zariya:
Gaskiyarki Sadiya, dogon ya fi tsari nesa ba kusa ba. Sai dai ki lura, abin da ya gyara wasan shi ne ya ƙara ɓata tarihin. Yaron, Baldwin na Biyar, ya rasu a 1186 yana ƙarami, wannan haka ne. Amma babu wani marubucin zamanin da ya ce kuturu ne, balle a ce uwarsa ce ta kashe shi. An ɗora wa mace laifin kisan ɗanta don kawai 'yar wasa ta samu abin yi.

Sadiya Kwantiniti:
To ai nan gizo ke saƙar. Ni a matsayina na mai aikin fim na fi son dogon, ku malaman tarihi ku ji da shi.

Ibro Damagaram:
Ina gaisuwa manya. Ni dawaki da kayan yaƙi nake kallo, don a gidanmu aka saba hawan sallah. Kayan sun burge ni, ba ƙarya. Sulke ne a jikinsu irin na zobba, da riga a sama, da kwalkwali mai kare hanci, ba irin ƙarfen nan mai sheƙi da ke rufe mutum ruf ba, wanda sai bayan shekaru ɗaruruwa aka fara shi. A nan sun yi ƙoƙari. Amma duk wanda ya taɓa zura sulke na gaske ya san yadda yake danne kafaɗa, tafiyarka ma sai ta canza, hawa doki sai ka yi da shiri. Su kuwa suna tsalle suna juyi da shi sakayau, ka san mara nauyi aka yi musu. Abu na biyu, da an fara sara sai ka ga jarumi ba kwalkwali, gashi na kaɗawa. Wane mahaukaci ne zai cire kwalkwali ana ruwan kibau?

Sadiya Kwantiniti:
Wanda aka biya miliyoyi don a ga fuskarsa, Ibro. Darakta ba zai ɗauko Orlando Bloom, wanda ya fito a Balian, ya rufe shi da ƙarfe ba.

Maman Ilham:
Amma ai an rufe Norton daga farko har ƙarshe.

Sadiya Kwantiniti:
Yawwa Maman Ilham, kin taɓo inda nake so. Shi ya sa a wurina Norton ne ya fi kowa wasa a fim ɗin, har da Massoud, Abban Hanifa ka yi haƙuri. An ƙwace masa fuska, abin da ɗan wasa ya fi dogara da shi. Saura murya, da wuya, da hannu. Ku sake kallon wurin da ya iso ganuwar Karak a kan doki, rundunoni biyu sun ja daga, ya fito shi da Salahuddin suka yi magana a tsakiya. Muryarsa ba ta tashi ba, a hankali yake magana, kana jin numfashin na yi masa wuya. Ya ɗan karkata kai gefe ne kawai, sai ka rantse ƙarfen ya canza kama. Bayan nan ya sauka ya hukunta Renald, mai mulkin Karak ɗin, ya cire safar hannu ya miƙa masa hannun kuturtar ya sumbata, ya zane shi da bulala, yana gamawa ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. A fitowa ɗaya an nuna maka iko da ciwo tare, ba wanda ya tsaya yi maka bayani. Bloom kuwa fuskarsa a buɗe take awa 3, amma yanayi ɗaya ne a kanta. Yaro ne a lokacin, rol ɗin ya fi ƙarfinsa. Idan ya tsaya kusa da Liam Neeson ko Jeremy Irons sai ya ɓace.

Malam Tukur Zariya:
Kuma kin ga abin rufe fuskar nan na azurfa ma babu shi a tarihi. Baldwin na Huɗu kuturu ne da gaske, yana ɗan shekara 16 ya karya rundunar Salahuddin a Montgisard a 1177, ya rasu a 1185 bai wuce 24 ba, ya makance, a kan gadon ɗauka ake kai shi fagen fama. Babu inda aka ce yana rufe fuska da ƙarfe. Amma wannan ƙarin ban damu da shi ba ko kaɗan, don bai yi wa mutumin ƙarya ba, ya dai nemo hanyar nuna halin da yake ciki. Ƙarin da ke damuna shi ne wanda ke canza zuciyar mutane. Balian na fim yana magana ne da bakin Baturen 2005, mai shakkar addini, mai cewa duwatsun Ƙudus ba su kai ran mutum ba. Mutanen kirki duka a fim ɗin masu sanyin addini ne, miyagu duka masu zafinsa ne. Har ɓangaren Musulmi an yi haka: an ajiye wa Salahuddin wani malami mai zuga shi, wanda Khaled El Nabawy ya taka, don a nuna shi Salahuddin ɗan siyasa ne mai lissafi, malamin ne mai kiran Allah. Alhali Ibn Shaddad, alƙalin rundunarsa da ya zauna da shi, ya siffanta shi da mutum mai tsananin riƙo da sallah da son sauraron hadisi. Karamcinsa daga cikin addininsa ya fito. Fim ɗin ya kasa yarda cewa mutum zai iya zama mai tsananin imani kuma mai rahama.

Istifanus Jos:
Malam Tukur, na gode da wannan magana, don ni ma ta nan abin ya dame ni, ta ɓangarenmu. Duk wani mai rigar coci a fim ɗin, in ka cire barden nan na Hospitaller, wato ƙungiyar mayaƙan coci, ko matsoraci ne ko mugu. Heraclius an mai da shi abin dariya, har yana ba da shawarar a musulunta yanzu a tuba daga baya. Na gaskiyan ba waliyyi ba ne, marubutan Musulmi sun yi ƙorafin ya fita da dukiyar coci mai yawa alhali talakawa na neman kuɗin fansa. Amma shi ɗin ne kuma shi da Balian suka miƙa kansu a riƙe su jingina a saki sauran talakawan, Salahuddin ya ƙi. Mutum mai fuska biyu irin wannan ai shi ne abincin ɗan wasa. Kuma Kiristocin ƙasar, 'yan asalin wurin masu jin Larabci, ina suke a fim ɗin? Kamar babu su.

Abban Hanifa:
Istifanus, amma ka yarda wurin da Salahuddin ya tarar da gicciye a ƙasa ya ɗaga ya ajiye a kan tebur ya yi kyau. Ɗan jarida Robert Fisk ya rubuta cewa ya kalli fim ɗin a wata sinima a Beirut, da aka zo wurin mutane suka miƙe suna tafi.

Istifanus Jos:
Ya yi kyau ƙwarai, ni ma ya taɓa ni. Kuma yana da tushe, tunda bai rushe Cocin Kabari ba ko da wasu suka ba shi shawarar haka. Abin da nake cewa kawai, a ba kowane ɓangare mutanensa yadda suke.

Malam Tukur Zariya:
To bari in faɗi wadda 'yan'uwana ba za su so ji ba. A fim, Salahuddin ya ce kowa ya fita lafiya, shi ke nan. A tarihi fansa aka yanka: dinari 10 kan namiji, 5 kan mace, yara ƙasa da haka. Balian ya biya dinari 30,000 a madadin talakawa 7,000. Ɗan'uwan Salahuddin, Al-Adil, ya roƙi a ba shi mutum 1,000 ya 'yanta su nan take, Salahuddin da kansa ya saki tsofaffi da yawa. Duk da haka dubbai da suka kasa biya an kama su bayi. Kuma bayan Hiɗɗin ya sa an kashe fursunonin ƙungiyoyin mayaƙan coci na Templar da Hospitaller, sakatarensa Imaduddin yana wurin ya rubuta. Wannan bai rage masa daraja ba in ka auna da zamaninsa. Ka tuna kisan da aka yi a garin a 1099 lokacin da 'yan Salibiyya suka shiga, ka tuna Richard na Ingila ya yanka fursunonin Musulmi na birnin Akka kusan 2,700 a 1191. Ranar 2 ga Oktoba 1187, wadda ta dace da 27 ga Rajab 583, an shiga Ƙudus ba a yi wa mutanen gari kisan gilla ba, bayan shekara 88. Wannan ya isa abin alfahari ba sai an yi masa kwalliya ba.

Shi ma Balian ba da daɗin baki ya samu sulhun ba. Ya ce in ba a ba su aminci ba za su kashe fursunonin Musulmi da ke hannunsu, su rushe Ƙubbatus Sakhra da Masallacin Aƙsa, sannan su fito a mutu. Fim ɗin ya ɗauki barazanar rushe wurare, ya bar ta kashe fursunoni, don kada jarumi ya yi baƙin jini.

Ibro Damagaram:
Malam, abin da ya ba ni haushi, an yi ta jan mu zuwa Hiɗɗin, runduna ta fita, sai kawai aka nuno gawarwaki da ungulaye. Ina yaƙin?

Sadiya Kwantiniti:
Ni kuma a nan na sara wa Scott. Yana da babban yaƙi a gaba, na ganuwar Ƙudus, in ya kashe kuɗi da hankalin mai kallo a Hiɗɗin, na ƙarshen zai yi sanyi. Kuma ya riga ya nuna maka abin da ya ci su: sun bar ruwa sun shiga rana, mutane na faɗuwa daga kan dawaki tun kafin a zare takobi. An gama yaƙin tun a nan. Ku tuna a Maroko aka ɗauki yawancinsa, wajen Warzazat aka gina ganuwar, sojojin ƙasar aka ba shi suka cika fili, wasu wuraren kuma a Sifen. Kowace rana a irin wannan lokeshan kuɗi ne na fitar hankali.

Malam Tukur Zariya:
Kuma ƙishirwar gaskiya ce. Sun baro maɓuɓɓugan Saffuriyya ranar 3 ga Yuli, Musulmi suka tare hanyar tafkin Ɗabariyya, suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su. Abin da ya biyo baya a tantin Salahuddin ma, bayan an kama Guy da Renald, ruwan ƙanƙarar da aka ba Guy ya miƙa wa Renald, Salahuddin ya ce ba shi ya ba shi ba don kada ya zama ya ba shi aminci, sannan ya sare Renald, kusan haka yake a littattafai. Wurin da fim ɗin ya fi bin tarihi sau da ƙafa, shi ne kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka fi daɗin kallo. Ganuwar kuwa ba majaujawa ce kaɗai ta karya ta ba, masu haƙa ne suka yi rami a ƙarƙashinta ta arewa, suka tokare da itace suka sa wuta ta rufta. Amma na san ƙwallon wuta a sama da dare ya fi rami kyau a kyamara.

Maman Ilham:
Ni wurin da ya ban dariya shi ne da maƙerin Faransa ya zo yana koya wa mutanen Sham haƙa rijiya. Mutanen da suka yi shekara dubbai suna noman rani a wurin!

Abban Hanifa:
Wannan kam ko ni ban iya kare shi ba. Amma Malam, in Turawa sun gyara Salahuddin don ya dace da su, Larabawa fa?

Malam Tukur Zariya:
Su ma haka. Fim ɗin Youssef Chahine na Masar, na 1963, wanda Ahmed Mazhar ya fito a Salahuddin, a zamanin Jamal Abdul Nasir aka yi shi, sai ga Salahuddin yana ta kiran haɗin kan Larabawa, alhali mutumin Bakurde ne haifaffen Tikrit. Isa mai ninƙaya, wanda Ibn Shaddad ya ce Musulmi ne da ke kai saƙo cikin Akka ta ruwa, an mai da shi Kirista don saƙon haɗin kan ƙasa ya fita. Kowa na ɗinka masa rigar zamaninsa. Wanda na so a ce ya yi nasa shi ne Moustapha Akkad mai The Message, ya daɗe yana neman kuɗin fim ɗin Salahuddin, sai harin bam na Amman ya rutsa da shi a Nuwamban 2005.

Sadiya Kwantiniti:
Allah ya jiƙansa. Mu ma nan gida ba mu tsira ba. Da aka saki Amina a Netflix a 2021 ai kun ga yadda mutanen Zazzau suka yi ta ƙorafi a kan harshe da sutura. Bambancin kawai, Salahuddin yana da sakatare da alƙali da suka rubuta rayuwarsa suna gani, ita kuwa Amina 'yan layuka ne a Tarihin Kano da abin da Sarkin Musulmi Bello ya kawo, sauran baka ne. Wanda ya ƙaga a kanta yana da uzurin da Scott ba shi da shi.

Ibro Damagaram:
Tambaya ta ƙarshe Malam. A fim Balian ya koma Faransa da Sibylla, Richard ya zo wucewa, Balian ya ce masa shi maƙeri ne. Na gaskiyan ina ya ƙare?

Malam Tukur Zariya:
Bai je ko'ina ba. Sibylla ta bi Guy ɗinta, ta rasu a sansanin Akka a 1190 ita da 'ya'yanta mata. Balian ya zauna a Sham, kuma yana cikin waɗanda suka yi ta kai da komo tsakanin Richard da Salahuddin har aka ƙulla sulhun 1192, wanda ya bar Ƙudus a hannun Musulmi ya kuma ba Kiristoci damar zuwa ziyara. Zuriyarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan gidajen sarauta a can da tsibirin Ƙubrus.

Abban Hanifa:
To ni dai har yanzu Massoud ne gwanina, Sadiya ki riƙe Norton ɗinki. Wanda bai ga dogon ba ya nemo shi kafin Juma'a, don ban gama da ku a kan Bloom ba.